Sashen Ingilishi a jami'ar Yamai: magana ake koyo ko karatun littattafai?

BaAdare_Tawa:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka bi ta sashen Ingilishi na jami'ar Abdou Moumouni. Ƙanwata ta samu bak ɗinta bana, seri A, ta kuma ƙeƙasa ƙasa ita Ingilishi za ta karanta a Yamai. Ni ke ɗauke da ita tun rasuwar mahaifinmu. Wani abokina ya ce in magana take son iyawa, gara in haɗa kuɗin in tura ta Ghana wata shida. A cewarsa a fak littattafai kawai za a jibga mata, shekara uku tana karanta labaran mutanen da suka mutu tun zamanin kakanni, ta fito ko hanya ba ta iya tambaya ba. Haka abin yake? Kuma yaya zaman wurin yake ga ɗiya mace da ba ta taɓa barin Tawa ba?

Tsohon_Harobanda:
Wa alaikumus salam. Abokinka ya faɗi rabin magana ya haɗiye rabi. Sashen yana cikin fak ta adabi da ilimin ɗan Adam, can Harobanda, ƙetaren gadar Kennedy. Tsarin LMD ake bi: lisansi shekara 3, wato zango 6, kowane zango kiredi 30, sai masta shekara 2 ga mai son ci gaba. Littattafai kam akwai su, adabin Afirka da na Ingila da na Amurka. Amma ba su kaɗai ba ne. Akwai nahawu, akwai ilimin furuci, akwai kimiyyar harshe, akwai tarihi da zamantakewar Amurka da Ingila, sannan fassara iri biyu, daga Faransanci zuwa Ingilishi da kuma daga Ingilishi zuwa Faransanci. Ta biyun nan ita ke kayar da mutane da yawa, don a nan mutum ke gane Faransancin ma da yake taƙama da shi bai zauna ba.

Inda abokinka ya yi gaskiya shi ne, wurin ba cibiyar koyon hira ba ce. An ɗauka ɗalibi ya zo da abin da ya tara tun siziyem, shekara 7 ke nan tsakanin kwaleji da lise. Malami zai shiga amfi ya yi darasinsa da Ingilishi tun daga sallama har ya tattara takardunsa. Buɗe baki kuwa aikin ɗalibi ne.

Kontiragi_Keita:
Ni ina bayan abokin nan. Na ga mai lisansi da aka tsayar gaban baƙo ya kama zufa, sai ɗan kasuwa ne ya fisshe shi. In magana ake so a tafi inda ake yin ta.

Dan_Konni:
Ghana ma ta yi nisa. Daga nan Konni zuwa Sakkwato bai kai kilomita 100 ba. Ni ban wuce CM2 ba amma ina cinikina da Inyamurai a Illela ba tafinta.

Tafinta227:
@Dan_Konni Alhaji, Sakkwato fa? Wallahi na gwada wannan dabarar muna shekara ta biyu. Na je hutu wurin kawuna da niyyar in goge bakina. Duk wanda na yi wa Ingilishi sai ya dube ni ya ce "Malam, daga Nijar kake ko?" ya ci gaba da Hausa. Mai shayi Hausa, direba Hausa, har ɗaliban jami'ar Usmanu Danfodiyo da na bi na liƙe musu, da zarar sun fito aji Hausa ce. Ingilishin cinikinka kuma yana biya maka buƙata, ba wanda ya raina shi, amma ba da shi ake rubuta rahoto ba.

Ghana ma a yi hattara. Yaranmu da yawa in sun isa Accra a Nima ko Sabon Zango suke sauka wurin ƴan uwa, unguwannin da Hausa ke tashe dare da rana. Aji awa uku da safe, sauran yini hira da ƴan gida. Na san wanda ya dawo Zabarmancinsa ne ya ƙaru.

YarYantala:
Yaya BaAdare, ni yanzu haka ina shekara ta uku, bari in ba ka abin da na gani. Zangon farko ban ce uffan ba a aji. Ina jin abin da ake faɗi, ina rubutawa, amma in aka ce wa zai amsa sai in sunkuyar da kai. Ba ni kaɗai ba, yawancinmu mata haka muke, tsoron a yi mana dariya. Abin da ya kwance mini harshe kulob ɗin ɗalibai ne. Ranar Asabar muke haɗuwa ƙarƙashin bishiyoyi, a ja benci, a ɗora shayi. Ƙa'ida ɗaya ce: wanda ya saki kalmar Faransanci ko Hausa ko Zabarmanci zai jefa dala biyar a gwangwani, da kuɗin ake sayen sukari. A ba ku batu, a raba ku gida biyu, ku yi ta gardama. Ranar da aka fara jefa ni ciki batun auren wuri aka kawo, aka sa ni a ɓangaren da ban yarda da shi ba. Haushi ne ya sa na manta kunya.

Darasin furuci kuma kar ta raina shi. An sa mu zo da ƙaramin madubi, kowa ya riƙe gaban bakinsa yana duba ko harshensa ya leƙo tsakanin haƙora, don sautin nan na Ingilishi da babu shi a Hausa babu shi a Faransanci. Mu Hausawa muna fama da p da f, mu mai da wannan wancan. Ga kuma abin da Faransanci ya bar mana: mu haɗiye h a farkon kalma, mu danna ƙarshenta, alhali Ingilishi kowace kalma da inda nauyinta yake. Sai an rubuta maka da alamomin sauti a allo kake ganin inda kake zamewa. Wannan ba a zaman Nima ake samunsa ba.

Kontiragi_Keita:
To ai kin faɗa da bakinki ƙanwata. A kulob kika koya, ba a aji ba. Me ya hana a yi kulob ɗin a Tawa a huta da kuɗin mota?

YarYantala:
@Kontiragi_Keita Malam, abin da muke gardama a kai ranar Asabar daga ina yake fitowa? Daga abin da muka karanta ranar Talata. In ba ka da abin faɗi, ko an buɗe maka baki gaisuwa kawai za ka yi ta maimaitawa.

Malam_Adabi:
Madalla da wannan amsa. Ni maganar "mutanen da suka mutu" ce ta tsaya mini. Wanda ya karanta Things Fall Apart na Chinua Achebe, da ya fito a 1958, ya ga yadda gari ke rabewa gida biyu in baƙon mulki da baƙon addini suka shigo, ba zai ce labarin wasu ne can ba. Ɗalibi daga Dogon Dutsi ko Filinge yana gama shi zai tuna abin da kakarsa ta ba shi labari. Wole Soyinka da ya karɓi kyautar Nobel a 1986 maƙwabcinmu ne. Adabi shi ke ba ka kalmomi cikin mahallinsu: yadda ake fushi da harshen, yadda ake zolaya, yadda ake rarrashi. Jerin kalmomin da aka haddace ba ya ba da wannan. Kuma mai karatu da yawa ne ke iya rubutu, ban taɓa ganin an kauce wa wannan ba. Matsalar da nake gani ita ce yara da yawa ba sa karanta littafin, taƙaitawar da ke intanet suke kwafa, yanzu ma har sun samu manhajar da ke rubuta musu. Ranar ekispoze, wato ranar gabatar da aikin gaban aji, a tambaye su abin da ke babi na bakwai, shiru.

Sarkin_Gardama:
Ku tsaya. Ni tambayata daban ce. Mun fita daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci a Maris 2025, muna cewa mun gaji da harshen wani, sai kuma mu ruga mu rungumi harshen wani Baturen? Tunda an mai da Ingilishi harshen hukuma yanzu, ai sauya ubangida kawai aka yi.

Lauya_Plateau:
@Sarkin_Gardama gyara kaɗan. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a Maris 2025 bai ce Ingilishi harshen hukuma ba ne. Cewa ya yi Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Sauran harsunanmu, irin su Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci, an ambace su a matsayin harsunan da ake magana da su a Nijar. Ga mai tambaya, abin da wannan ke nufi shi ne Ingilishi ya samu matsayin da ba shi da shi a da. Ko hakan zai zama guraben aiki, sai abin da aka gani a ƙasa.

Malam_Adabi:
Sarkin_Gardama, tambayarka ta girme ka, kuma daga cikin sashen Ingilishi ta fito. A 1968 a jami'ar Nairobi, Ngugi wa Thiong'o da abokan aikinsa biyu, Taban Lo Liyong da Henry Owuor-Anyumba, suka rubuta takarda suna neman a rushe sashen Ingilishi ɗungurum, a kafa wanda zai sa adabin Afirka da adabin baka a tsakiya, na Turai ya zo daga gefe. Daga baya Ngugi ya koma rubuta ƙagaggun labaransa da harshensa na Gikuyu. Ya rasu a Mayu 2025. Achebe kuwa ya tsaya kan cewa zai yi amfani da Ingilishi, amma zai tanƙwara shi har ya ɗauki kayan Afirka. Wannan gardama ana karanta ta a aji, ɗalibai na rabuwa a kanta kowace shekara.

Mu ma a gida muna da namu. Abdou Moumouni ɗin da jami'ar ke ɗauke da sunansa tun 1992, ɗan Tasawa, masanin kimiyyar hasken rana ne, amma a 1964 ya fitar da littafi kan ilimi a Afirka inda ya kare koyarwa da harsunanmu. Ni ban ga saɓani ba tsakanin wannan da koyon harshen da maƙwabcinka na kudu, Najeriya, ke aiki da shi, alhali iyakarmu da shi ta kai wajen kilomita 1,500.

Sarkin_Gardama:
Na ji tarihi. Amma har gobe ban ga wanda ya yi memuwarsa, wato kundin kammala karatu, da Hausa a can ba.

Tafinta227:
A sashen Ingilishi za a rubuta memuwar da Hausa? Kai ma dai. Amma kan Hausa ana yi. Wata ƴar ajinmu kwatanta karin maganar Hausa da na Ingilishi ta yi, ta yi ta zarya tsakanin tsofaffin unguwarsu da laburaren IRSH, cibiyar binciken ilimin ɗan Adam. Wani kuma ya bi yadda ɗaliban kwaleji ke jawo ginin jimlar Hausa cikin Ingilishinsu. Ranar sutnansi, wato ranar kare memuwar gaban malamai, mahaifiyar yarinyar ta zo da kwanon dambu, ba ta jin ko kalma ɗaya, amma duk sanda ɗiyarta ta ambaci karin magana da Hausa sai ta gyaɗa kai ta ƙarasa mata shi a hankali. Har ƴan juri sai da suka murmusa.

Baba_Mai_Ritaya:
Ƴaƴana, ku bar tsoho ya sa baki. Mu a kwaleji Amurkawan Peace Corps, masu aikin sa-kai, ne suka fara koya mana. Sun shigo ƙasar nan a 1962, sun tafi a Janairu 2011 saboda matsalar tsaro. Malamarmu da waƙa take shiga aji, ba ta yarda ka zauna ba sai ka furta. Sa'ad da muka zo jami'a kuwa, ita kanta jami'ar yarinya ce, 1971 aka fara ta a matsayin cibiyar karatun gaba, 1973 ta zama jami'a. Ba mu da yawa, malami ya san sunan kowa. Rediyon gajeren zango muke kewayewa da dare muna kamun BBC, kalmar da ta wuce ta wuce, sai ka jira gobe. Ku yanzu komai na cikin waya amma kuna kukan ba wurin jin Ingilishi. Wannan kuka ban karɓe shi ba.

YarYantala:
Baba, Allah ya ƙara girma. Wayar na nan, kuɗin intanet ne babu. Amma kun yi gaskiya, wanda ya sa kansa yana samu. Wasunmu sun sha zuwa cibiyar al'adun Amurka don laburare da zaman hira.

Uwar_Biyu:
An bar rabin tambayar bawan Allah an tafi Nairobi. Ya ce yaya zaman ɗiya mace. Ɗana BaAdare, ni uwa ce, tawa ta gama can. Abu na farko masauki. Ɗakunan site, wato gidan kwanan ɗalibai, ba sa isar kowa, don haka tun yanzu ka nemi gidan dangi na amana, in so samu ne a Harobanda, don ƙetare gada safe da yamma a faba-faba yana cin kuɗi yana cin lokaci. Na biyu, ko ta samu bursi kar ka ɗora lissafinka duka a kansa, ka ware abin fotokofi da na abinci duk wata. Karatun nan fotokofi ne ke tafiyar da shi, littafi ɗaya sai ya zagaya mutum goma. Na uku, ka saya mata ƙamus mai kyau na Ingilishi zalla, ba mai Faransanci a gefe ba. Na huɗu kuma ka riƙa kiranta kana tambayar me ta karanta, ko ba ka gane ba. Yarinya in ta san ana bibiyarta tana kama kanta.

Abu_Huzaifa:
Ni abin da ban so ba shi ne wasan kwaikwayon da ake sa su yi, maza da mata a dandali ɗaya, da bukukuwan makon al'adu. A nan tarbiyya ke zubewa. Karatu daban, wasa daban.

Tsohon_Harobanda:
@Abu_Huzaifa Malam, ba wanda ake tilasta wa hawa dandali, kuma na ga masu hijabi har ƙasa sun yi wasa sun sauka da mutuncinsu. Bari in gaya maka yadda namu ya kasance. Wata biyu muna haddace wani wasa na wani marubucin Najeriya. Labulenmu zanen gado biyu ne da aka ɗinke, rawanin sarki na kawun wani ne aka aro bisa sharaɗin a maido shi kafin Juma'a. Ana tsakiyar wasa wuta ta ɗauke. Ƴan kallo suka kunna fitilun waya suka haska mana, muka ƙarasa a haka. Wanda ya fito a sarki yaro ne mai in'ina, a aji ba ya iya haɗa jimla biyu. A dandali ko sau ɗaya bai sarƙe ba, don numfashinsa ya bi layin da ya haddace. Yau shi ke tsayawa gaban aji yana koyarwa. Makon al'adu kuma ba rawa kaɗai ba ce, akwai gasar muhawara, akwai karatun waƙoƙi, akwai baje kolin abincin jihohi.

Abu_Huzaifa:
Na ji, amma ina nan kan bakana. Muhawara da karatun waƙa ba ni da ja. Sauran a bar wa masu so.

Dan_Gwagwarmaya:
A gaya mata kuma jami'a ba aji da kulob kaɗai ba ce. Gadar da za ta riƙa bi kullum, a kanta aka kashe ɗalibai 3 ranar 9 ga Fabrairu 1990, kuma USN, ƙungiyar ɗaliban Nijar, na tunawa da su duk shekara. Ta san tarihin wurin da ta shiga. In an kira taron ɗalibai ta je ta ji da kunnenta.

Uwar_Biyu:
Ta ji da kunnenta, ta dawo ɗaki da ƙafarta. Ba a turo ta daga Tawa don ta shiga gaban sahu ba.

Kontiragi_Keita:
Duk kun kauce wa babbar magana: bayan lisansi sai me? Ni ga ni nan. Yawancinmu alli ne ƙarshenmu. Ina wani kwaleji na ƙauye, aji cike maƙil, littafi ɗaya yara huɗu ko biyar, wasu ajin ma na zana ne, iska na tasowa darasi ya tashi. Yaron da bai gama kama Faransanci ba an ce in ɗora masa Ingilishi. Da Hausa nake fara bayani kafin su gane, abin da ba a koya mini a ko'ina ba. In koyarwar za ta yi, ta duba ENS, makarantar horar da malamai, tun da wuri, aƙalla can ana koyon yadda ake riƙe aji.

Tafinta227:
Koyarwa ce ta fi ɗiba, wannan haka yake. Amma ba ita kaɗai ba ce. Ni fassara ke ciyar da ni: takardun ƙungiyoyin agaji, kwangiloli, tarurruka. Akwai namu a gidajen rediyo, akwai a kamfanonin mai da na ma'adinai, akwai waɗanda suka samu tallafin Fulbright suka tafi masta Amurka. Abin da na lura shi ne Ingilishi shi kaɗai ba ya isa. Wanda ya haɗa shi da wani abu, lissafin kuɗi ko shari'a ko aikin jarida ko kwamfuta, shi ake nema. Mu kuma muna da abin da ɗan Ghana da ɗan Najeriya ba su da shi: Faransanci a hannu ɗaya, Ingilishi a ɗaya, ga Hausa ko Zabarmanci na shiga ƙauye. Mai wata shida a Accra zai yi hira da baƙo lafiya lau, amma a miƙa masa yarjejeniya mai shafi talatin a ce gobe da safe, a nan ake rabuwa.

BaAdare_Tawa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na karanta mata duka a waya. Ta ce in gaya wa YarYantala tana son shiga kulob ɗin tun makon farko, ta kuma ce in gaya wa Malam Kontiragi ita koyarwar ma take so. Inna Uwar_Biyu, muna da gwaggo a Karadje, zan kira ta. Maganar Ghana ban ajiye ta ba tukuna, ina tunanin ko a bari sai babban hutu bayan shekara ta biyu.

Tsohon_Harobanda:
In za ta je, to bayan shekara ta biyun ya fi, lokacin tana da abin da za ta ɗora a kai. Kuma a nema mata masauki cikin iyalin da ba sa jin Hausa.

Kontiragi_Keita:
Ni dai da nawa ne da Ghana zan fara, in dawo in shiga fak da bakina a buɗe. Shekarar farko ce ke zubar da mutane, kuma rashin jin malami ne ke zubar da su.

YarYantala:
Malam, jin malami kunne ne, ana gyara shi daga Tawa ma. Yaya BaAdare, kafin a koma ta riƙa sauraron labaran rediyo da Ingilishi kullum ko na minti goma sha biyar ne, ta rubuta abin da ta kama. Ta nemi littafin Acheben nan ta fara, ko wurin malaminsu na lise ne. Madubi kuma akwai shi a kasuwa, ba sai ta ɗauko na Inna ba.

Sarkin_Gardama:
Har yanzu ba wanda ya amsa mini. In Hausa ce harshen ƙasa, wa zai fassara duk takardun nan zuwa Hausa, kuma a wane sashe ake horar da shi?